Neman shawara: murfin ƙaramin akwatin kwamfutata ya ƙi rufuwa saboda lagireto

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa kwamfuta a ƙaramin akwati mai kusan lita 12, ƙaramin madabod (babban allon kwamfuta) samfurin mini-ITX, da ƙaramin akwatin wuta samfurin SFX. Na ƙudura sai na sanyaya ta da ruwa, furosesa da katin hoto duka. Na riga na sayi lagireto 240 mai kaurin milimita 45, fanka biyu masu kaurin 25, famfon D5 haɗe da tankinsa, tubalin katin hoto (ƙarfen da ake ɗora masa, ruwa ya bi ta ciki ya kwashe zafi), da tiyo mai tauri na robar PETG. Jiya na zo ɗaurawa, murfin sama ya ƙi zama. Da na sa rula sai na ga sararin da ke wurin milimita 55 ne kacal. Famfon kuwa duk inda na juya shi sai ya tokare katin hoto. Furosesar tana cin wat 120 idan aiki ya yi nauyi, katin kuma 250. In yanke ƙarfen akwatin ne, ko akwai dabara? Kaina ya ɗaure.

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye zarton tukuna. Lissafin da kansa ya ba ka amsa: 45 da 25 sun zama 70, kai kuma 55 gare ka. Ko dai ka nemi lagireto mai kaurin 27 ka bar fankokinka, ka tashi da 52, ko mai 30 da siraran fanka masu 15, ka tashi da 45. Ni na farkon zan zaɓa. Siririyar fanka ba ta da ƙarfin tura iska ta cikin haƙarƙarin lagireto kamar mai 25, sai ta yi ta gudu tana ƙara kafin ta yi aikin da waccan za ta yi cikin natsuwa. Kar ka ɗauki 30 da 25 don sun cika 55 cif, kan noti ma yana cin wuri. Sannan ka auna tsawo. Sunansa 240 ne saboda fanka biyu masu 120, amma da kawunansa biyu yakan kai 275 ko ya ɗan wuce.

Amsa ta biyu:

Malam ya gama da maganar lagireto, bari in taɓa famfo. D5 famfo ne mai kyau, ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi, ba shi da hayaniya, amma ƙato ne, ba a yi shi don lita 12 ba. Famfon DDC ake sa wa irin wannan akwati. Ya fi ƙanƙanta, kuma ya fi ƙarfin tunkuɗa ruwa ta cikin matsi, abin da kake buƙata ke nan tunda gwiwoyin tiyo, wato mahaɗai masu lanƙwasa, za su yi maka yawa. Aibinsa shi ne gindinsa na ɗaukar zafi, don haka ka samo mai gidan ƙarfe, ka ajiye shi inda iska ke wucewa, kuma kar ka bar shi a ƙarshen gudu dare da rana. Akwai ma tubalin furosesa da ke zuwa da DDC da ɗan tanki a kansa, wannan ya raba ka da neman wurin tanki gaba ɗaya, sai dai ka auna tsayinsa da murfin gefe. Ko wanne ka ɗauka, ruwa ya gangaro wa famfo daga tanki. Idan ya juya a bushe, ka yi sallama da shi.

Amsa ta uku:

Ku gafarce ni, amma duk kun tsallake babbar matsalar. Wat 370 a kan siririn 240 guda ɗaya? Masu wannan harka sukan ƙiyasta kusan wat 100 ga kowane sashe na 120 in ana son fanka ta yi shiru. Zai ɗauka, ban ce ba zai ɗauka ba, amma ruwan zai yi zafi, fankokin kuma za su koma kamar jirgi zai tashi. Ruwa ba ya kashe zafi, ɗaukarsa kawai yake yi ya kai wa lagireto, shi kuma ya miƙa wa iska. Ƙane, in ni ne kai, furosesa kaɗai zan sa wa ruwa, katin ya zauna da fankokinsa. In ma don sauƙi ne, AIO 240, wato lagireto da famfo da tubali da aka haɗa aka rufe daga kamfani, ya wadatar, kawai kar famfonsa ya zama shi ne a ƙololuwa, don iska can sama take taruwa.

Amsa ta biyu ta dawo:

Yallaɓai, gaskiya ka faɗa, amma mutumin nan ya riga ya sayi tubalin katin, kuma tubalin ne ma zai rage kaurin katin ya buɗe masa wuri a ƙasa. Idan akwatin na karɓar ƙarin 120 ko wani siririn 240 a can, magana ta ƙare. In ba ya karɓa, ya rage wa katin wutar da yake ja. Saukar da iyakar zuwa kashi 80 cikin ɗari ba ya cin gudu sosai, amma zafin da yake ragewa ba kaɗan ba ne.

Amsa ta huɗu:

Ni PETG ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Yana laushi idan ruwa ya yi zafi sosai, bakinsa ya saki a cikin mahaɗi, sai yoyo. Na taɓa ganin haka da idona a tawa, ruwa ya ɗiga a bayan katin hoto, Allah ne ya sa a kashe take. A ƙaramin akwati tiyon roba baƙi na EPDM, mai faɗin milimita 10 ciki 16 waje, ya fi kwanciyar hankali. Mai 10/13 ya fi siranta amma yana maƙurewa a kwana mai tsanani. Ka tanadi gwiwoyi masu juyawa na digiri 90, duk zarensu girma ɗaya ne, G1/4, kuma ka lissafa tsayinsu, don su ne kan tokare RAM a madabod mai faɗin milimita 170 kacal. Ka sa bawul na zubar da ruwa a can ƙasa, ranar wanki za ka yi mini addu'a.

Abu biyu kuma. Ka duba lagireton da za ka musanya na jan ƙarfe ne, kar ka haɗa alminiyam da tubalin jan ƙarfe a ruwa ɗaya, alminiyam ɗin zai cinye. Kuma kafin ka ba madabod wuta, ka gwada yoyo da matsin iska, kusan rabin bar a ma'aunin abin gwaji, ka jira ka ga ko allurarsa za ta sauka. In ba ka da abin gwajin, cire wayoyin madabod da na katin, kunna famfo shi kaɗai, ka shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi ya kwana. Ruwan kuma tatacce ne da maganin hana gansakuka, ba na famfon gida ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na yanka kwali daidai girman lagireto mai 27 da na tubalin mai famfo a kai, na cusa su ciki. Na sama ya zauna da ragowar milimita 3. A ƙasa kuwa 240 ba zai shiga ba, wayoyin akwatin wuta sun cinye wurin, amma 120 ya shiga idan na juya mahaɗansa suka kalli gaba. Zan mayar da D5 da PETG. Saura tambaya ɗaya: ruwan ya fara bi ta furosesa ko ta katin?

Amsa ta huɗu:

Duk wanda tiyo ya fi kusa da shi. Ruwan na zagayawa da sauri, bambancin zafinsa daga wannan gefe zuwa wancan bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Tanki dai ya riga famfo. Ka kuma bar wata fanka tana hura wa madabod iska, don da ka cire fankar furosesa, kayan wutar da ke kewaye da ita da ma'ajiyar bayanai ta M.2 sun rasa mai yi musu fifita.