Risiba tana daina kama siginar kifi idan jiragen ruwa suna wucewa

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Mun saka wa kifaye tag, wato 'yar ƙaramar na'ura mai fitar da sauti a mitar 69 kHz, muka ɗaure risiba, na'urar da ke kama wannan sauti, a ƙasan kogi don mu gane lokacin da suke haurawa ta inda ruwan kogin ke gangarowa. Da daddare tana kamawa lafiya lau, amma da rana jiragen dakon kaya na fara zirga-zirga sai data ta yi ta yankewa, har tag ɗin gwaji da muka kafe wuri ɗaya ɓacewa yake. Mun canza batir, mun kankare gansakuka daga kanta, mun matsar da ita gefe nesa da hanyar jirage, duk a banza. To ta yaya zan bambance kifin da ya wuce da gaske da wanda ƙarar inji ce kawai ta danne siginarsa?