Tambaya kan John Laird da jirgin da ake kira Albarka

Ɗan Lokoja: Assalamu alaikum. Jiya da yamma ina zaune bakin ruwa, masu kwale-kwale suna sauke doya, sai wani dattijo ya ce min da can akwai jirgin ƙarfe da ya hau Kwara, sunansa Albarka, wai Turawa ne suka raɗa masa da Hausa. Na kwana da abin a raina. Na wane ne? Shi ne Laird ɗin da aka ce ya zama ɗan majalisa a Ingila?

Malam Na Kofar Mata: Wa alaikumus salam. Gaskiyar dattijon ne, Alburkah suke rubutawa, a 1832 ya zo tare da wani jirgin, Quorra, wato Kwara. Amma Laird biyu ne, wa da ƙane. Ƙanen, Macgregor, shi ya zo da jirgin tare da Richard Lander, Baturen nan mai binciken Kwara. Cikin Turawa 48 tara kaɗai suka tsira, zazzaɓi ya ci yawancinsu. Wan kuwa, John, an haife shi a 1805, shi ya riƙe masana'antar mahaifinsu a Birkenhead, tsallaken kogin Mersey daga Liverpool. Tukunyar tururi suke ƙerawa, sai suka ga yadda ake lanƙwasa farantin ƙarfe a haɗa da ƙusa haka ma za a yi jikin jirgi, alhali galibin jirage a lokacin na katako ne. John ne ya ƙera jirgin Pleiad da Dakta Baikie ya hau Binuwai da shi a 1854, suna shan kwinin, ba wanda ya mutu. A 1861 ya bar wa 'ya'yansa aikin ya zama ɗan majalisar Birkenhead na farko, har ya rasu a 1874.

Maman Hafsa: Malam, a gafarce ni, ka tsallake jirgin yaƙin nan Alabama. A masana'antarsu aka ƙera shi a 1862 wa 'yan jihohin Kudu na ƙasar Amurka masu yaƙi don bauta ta ɗore. Ya kama jiragen 'yan jihohin Arewa na ƙasar fiye da 60, yawancinsu ya ƙona. Daga baya, a 1872, aka yanke wa Ingila ta biya Amurka diyyar dala miliyan 15.5. Wannan yana ci min rai.

Malam Na Kofar Mata: Hajiya, ban musa ba. Masu kare John suna cewa ya riga ya bar kamfanin, kuma ya ba garin asibiti da makarantar zane. Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba, tunda da bakinsa ya tashi a majalisa a 1863 ya kare aikin.

Ɗan Lokoja: Allah ya ƙara basira, Malam. Hajiya, na gode. Gobe bayan la'asar zan koma wurin dattijon, in tambaye shi a bakin wa ya ji sunan.