Aikin jirgin kaya da dare: in riƙe ko in koma tasi?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 9 ina tuƙa tasi a Bronx da ke birnin New York, baya ya fara ciwo, ga kuɗin hayar mota duk sati, ga tara, har wani maƙwabcina ya nuna mini aikin kwandastan jirgin kaya a Long Island. Layin na jiragen fasinja ne, mu 'yan raɓe ne. Safe da yamma hanya tasu ce, sai sun lafa a sake mu. Mukan tashi daga Fresh Pond, tashar haɗa taragunmu, mu ajiye taragun katako nan, mu kwaso na ɓaraguzan gini can. Ni ke sauka in juya layi da hannu, in haɗa tarago, ga ƙarfen layi na uku mai bai wa jiragen fasinja wutar lantarki volt 750 dab da ƙafata, cikin ƙanƙara. Shekaranjiya mun daɗe a layin gefe muna jiran izini har awa 12 ta aiki da doka ta ƙayyade ta cika, sai mota aka turo ta kwashe mu. Maiɗakina na da ciki wata bakwai. In bari?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka kuskura! Ma'aikatan jirgin ƙasa a Amurka fanshonsu daban yake, da hukumarsu. Ni shekara 22 a kan sitiyari, me na ajiye? Gwiwa ta tafi, yara ko waya ba sa ɗauka.

Wata 'yar uwa: Malam, wa zai kai ta asibiti idan naƙuda ta zo ƙarfe ukun dare? Haka aka bar ni ni kaɗai da haihuwar fari, har yau abin na raina.

Mai tambaya: Hajiya, ai saboda ita na karɓa, don inshorar lafiya. Kuma yayarta na kusa.

Wani ɗan uwa: Ka nemi komawa ɓangaren fasinja mana, ka riƙa kwana gida.

Tsohon direba: Kai ma dai! Kamfanin kaya daban, na fasinja daban, layi kawai suka haɗa. Ya daure ya yi shekaru, sannan ya zaɓi aikin rana. Magana ta ƙare.

Mai tambaya: Alhaji, daurewar ba ta gagare ni ba. Barcin ne. Awa 10 na hutu, ciki har da hanya, asuba ma a kan jirgi take samuna.

Wata 'yar uwa: Ita ka tambaye ta kuwa?

Mai tambaya: An kira ni aiki, sai na dawo.