Turjiya da juriya: sunan abin da jikin tunkiya yake yi wa tsutsar ciki

Assalamu alaikum, malamaina masu fassara da 'yan'uwa ma'aikatan lafiyar dabbobi na nan Jos. Ina so mu tsayar da magana a kan kalmomi biyu na Turanci, resistance da resilience, waɗanda ake yawan mayar da su duka biyun "juriya" idan ana bayanin yadda jikin tunkiya yake fama da tsutsar ciki. "Garkuwar jiki" ta riga ta zauna, ba a kanta nake magana ba. Abin da ya rage shi ne sunayen halaye biyu da ake gani a jikin dabbar, kuma haɗa su a kalma ɗaya yana iya jawo wa makiyayi asara.

Cikin tsutsotsin da suka fi addabar tumakinmu da damina akwai Haemonchus contortus, wadda take zama a ciki na huɗu na tunkiya tana shan jini. Macenta tana iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, su fita a cikin kashi, su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su hau jiƙaƙƙiyar ciyawa, wata dabbar ta zo ta ci. Idan ka ja fatar idon tunkiyar da abin ya yi wa yawa, za ka ga cikinta ya yi fari fat maimakon ja, wani lokaci kuma ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa.

Akwai tunkiyar da jikinta ba ya barin tsutsar ta zauna lafiya. Bangon cikinta yana ƙara fitar da majina, wasu fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin, jiki ya samar da sinadaran kariya irin su IgA da IgE, har yawancin 'ya'yan tsutsar su kasa kafuwa, waɗanda suka kafu kuma su tsumbure, ƙwansu ya ragu. Ana gane wannan ne ta hanyar ƙidaya ƙwan da ke cikin giram ɗaya na kashi, aikin da ake yi a ɗakunan gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Tumakin Red Maasai na Kenya sun yi suna da wannan hali. Shi ne resistance, kuma shawarata ita ce mu kira shi "turjiya". Duk wanda ya taɓa jan rago da igiya ya ga ya kafe ƙafafunsa ya ƙi tafiya ya san ma'anar turjewa, kuma a harshen labarai mun saba jin cewa maharan sun gamu da turjiya, wato an hana su shiga.

Akwai kuma tunkiyar da tsutsa take cikinta da yawa, kashinta cike da ƙwai, amma ba ta rame ba, jininta bai yi ƙasa sosai ba, tana ci tana girma. Ita ce mai resilience, kuma a nan ne "juriya" ta dace, domin jurewa ɗaukar wahala ne ba korarta ba.

A kara ta Bukuru, mai turjiya da mai juriya duk za su yi kyan gani, ido ba zai raba su ba. Amma wanda ya zaɓi mai juriya kawai don kiwo ya kai gida dabbar da za ta riƙa cika masa wurin kiwo da ƙwan tsutsa, kuma waɗanda za su ji jiki su ne 'ya'yan tumakin da ba su kai wata shida ba, waɗanda garkuwarsu ba ta ƙosa ba, da tumaki masu tsohon ciki da masu shayarwa, waɗanda garkuwarsu take sauka a lokacin haihuwa. Idan takardar wayar da kai ta ce "a zaɓi mai juriya" alhali resistance ake nufi, ta ba da shawarar da ba ita aka yi niyya ba.

Na san za a kawo "kariya", amma ta yi faɗi, domin allurar rigakafi ma kariya ce, ɗaure dabba a gida ma haka. "Ƙarfin jini" kuwa zai rikita mai sauraro a cutar da babbar alamarta ita ce ƙarancin jini.

Saura resistance ɗin da ake jingina wa tsutsar kanta, wato lokacin da magungunan tsutsa irin su albendazole ko ivermectin suka daina kashe ta. Kada mu ba ta turjiya, don kada kalma ɗaya ta sake ɗaukar abu biyu. Makiyaya sukan ce tsutsar ba ta jin magani, kafofin labarai kuma suna cewa ta bijire wa magani, ni kuwa na fi karkata ga na makiyayan domin shi ne za a fahimta a ruga ba tare da ƙarin bayani ba.