Zan bi hanyar Galibier da mota a watan Yuli, yaya ake yi da masu keke?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyata ta zo mana ziyara nan Faransa, kuma tun da ta hango duwatsun Alps daga nesa take cewa tana so a kai ta can sama. Na shirya mu tashi daga Saint-Michel-de-Maurienne, mu haye mashigan tsauni biyu, Télégraphe da Galibier, mu kwana a garin Briançon. Ban taɓa tuƙi a hanyar tsauni ba, motata kuma mai giyar hannu ce. Abu biyu ke damuna: an ce hanyar cike take da masu keke, sannan ina tsoron birki wajen gangara. Wanda ya taɓa bi ya taimaka min da shawara.

Malam Ɗanlami:
Wa alaikumus salam. Na bi ta sau uku, kuma zan sake bi in Allah ya yarda. Daga Saint-Michel zuwa Télégraphe kusan kilomita 12 ne cikin itatuwa, sai ka ɗan gangara Valloire, daga nan a soma hawan gaske, kusan kilomita 18. Bayan wani wuri da ake kira Plan Lachat ba itace ko ɗaya, sai ciyawa da tsakuwa, hanyar kuma ta tsuke. Ƙololuwar tana mita 2,642.

Maganar masu keke, haƙuri ne kawai maganinta. Dokar ƙasar ta ce a bar musu tazarar mita ɗaya da rabi in za a wuce su a wajen gari. In ba ka hango abin da ke bayan kwana ba, zauna bayansu a giya ta ɗaya ko ta biyu. Na taɓa bin wani dattijo mai farin gashi na kusan minti biyar, ina ganin gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa kan ƙarfen keken, jijiyoyin ƙafarsa duk sun tashi. Da hanya ta buɗe na wuce, ya ɗaga min yatsu biyu ba tare da ya saki hannun keken ba. Har yau ina tuna fuskarsa.

Wajen gangara ka riƙa duba madubi, don a nan su ne masu gudu, wasu sun fi mota sauri a kwana. Kuma kada ka ɗora ƙafa kan birki ka bar ta. Sa giya ta biyu inji ya riƙe motar, ka taka ka saki. A tafiyata ta farko ban san haka ba, kafin mu kai Lautaret, mashigin da ke ƙasan Galibier ta kudu, warin birki ya cika motar, dole muka tsaya ya huce. In kun haɗu da wata mota a matsatsi, mai gangarowa ne ke ba mai hawa hanya.

Maman Hafsat:
Baban Sadiq, ka kula da Hajiya. Ko ana zafi a ƙasa, can sama iska ce mai sanyi, a ɗauki rigar sanyi da mayafi mai kauri. Ta zauna gaba saboda yawan kwana yana sa jiri, in kun isa kuma ta yi tafiya a hankali, numfashi kan yi sama-sama a irin wannan tsayin. Ka cika tanki tun daga ƙasa. Sannan ka duba ranar tafiyar da kyau: in babban tseren keke na Tour de France zai bi ta nan rufe hanyar ake yi, ga kuma tseren Marmotte da ke tara dubban masu keke a farkon bazara.

Sani mai keke:
Ni da keke na hau ta, shi ya sa nake roƙo, Yaya: kada ka matsa hon a bayanmu. Mutum ya gaji, ga rami a gefe, ƙarar kan sa ya karkace. Muna jin injinka tun daga nesa.

Kusa da sama akwai ramin da aka huda cikin dutsen, motoci na bi da fitilar ba da hannu, keke ba ya shiga. Kai ma ka bar shi, ka ƙarasa kilomitar ƙarshe ta sama, a nan za ku hango tsaunin Meije da ƙanƙararsa. Da kun fara gangarowa ta kudu za ku ga ginin tunawa da Henri Desgrange, wanda ya kafa Tour de France. Tun 1911 tseren ke bi ta wannan wuri.

Baban Sadiq:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce a tashi bayan sallar asuba kafin hanya ta cika. Malam Ɗanlami, akwai wurin ajiye mota a can saman, ko sai mun gangara Lautaret?