Motar lantarki: zangon kilomita nawa zai kai ni Kaduna daga Kano?

Assalamu alaikum. Maganar sayen motar lantarki ta tsaya mini cak a kan girman batir. Zirga-zirgata ta kullum cikin Kano ce, ba ta da yawa, amma kasuwanci yakan kai ni Kaduna, kusan kilomita 230, kuma ba na so in dogara da samun wurin caji a hanya.

Dillali ya nuna mini wata mota mai batir kusan kWh 45 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), takardarta ta ce tana cin zangon kilomita 420 da caji ɗaya. Da na bincika sai na ga lissafin CLTC ne, wato tsarin gwajin zangon mota na China, wanda ya fi karkata ga tafiyar cikin gari a hankali. Na ari irinta na gwada da caji cike, na'urar sanyaya mota a kunne saboda zafi, ina gudun kilomita 110 a awa. Kafin Zariya batir ya sauka ƙasa da rabi, dole na juyo.

Mai babban batir kuwa kuɗinta ya yi mini nauyi, ga daɗewar caji da wutar gida.

Don Allah, zangon kilomita nawa zan nema a takarda domin in isa Kaduna da saura kashi 20 cikin 100?