Barkwancin Ɗakuna Tara: Nasu Ne Ko An Rubuta Musu?

Ɗan Kurmi:

Sallama gare ku ma'abota baiti,
Na zo da tambaya, ku ba ni gaskiya.
Shirin Hollywood Squares na Amurka,
A 1966 tashar NBC ta sa shi hanya.
Taurari tara, ɗakuna uku bisa uku,
Paul Lynde ya daɗe a ɗakin tsakiya.
Da mai gabatarwa Peter Marshall ya jefa tambaya,
Kafin ƙiftawar ido an fashe da dariya.
Shin wannan kaifin baki nasu ne,
Ko dai an rubuta musu ne tun jiya?

Malam Na-Tasha:

Ƙanena, ka ji yadda ake girkawa,
Marubuta ke fara zama da tacewa,
Tambaya na tafe da barkwancin rakawa,
Har amsar ƙarya mai kama da gamsarwa,
A tattauna da tauraro kafin a kunna fitila.

Tauraro ya yi raha, sannan ya amsa,
Ɗan gasa ya ce na yarda, ko ya musa,
In ya dace, X ko O a ɗakin a sa,
Uku a jere ya kai abokin karawa ƙasa,
Nan kam ba mai rubuta masa ko jimla.

Shiri biyar ake naɗa a yini guda,
Tsakani a sauya riga bisa al'ada,
Allon tafi ya haska, 'yan kallo su yi guɗa,
Rabin awa minti 22 ne in ka fid da
Talla, abin da ya yi tsawo almakashi ya kammala.

Hajiya 'Yar Damagaram:

Malam, da girmanka, ban gamsu ba,
Ƙaramin rubutu ke jawo babban haɗari.
Tuna gasar kacici-kacici ta Twenty-One a 1956,
Dan Enright ke riƙe da akalar shiri.
Herbert Stempel ya san amsa sarai,
Aka ce ya kuskure, ya bi tsari.
An koya musu cije leɓe da share gumi,
Cikin ɗakin gilashi, su ja jinkiri.
Charles Van Doren ya kwashi dala 129,000,
Malamin jami'a, ana ta masa kirari.
A 1959 gaban majalisa ya amsa laifi,
Cewa an ba shi amsoshi a asiri.
A 1960 doka ta haramta maguɗin,
Wanda ya yi, tara ce ko ɗauri.
To me ya raba wancan da naka?
Duk takarda ce ta riga baki sauri.

Malam Na-Tasha:

Hajiya, tarihinki daidai yake, ba na musa,
Amma Stempel ɗan gasa ne, kuɗi ke gabansa,
Shi tauraro, ci da faɗuwa ba nasa,
Kuma ƙarshen shiri an rubuta, kowa ya karanta da kansa,
Cewa an tattauna amsar yaudara, ba a ɓoye mas'ala.

Baba Mai Kyamara:

'Ya'yana, ku bar ni in ƙara,
Rubutu ma yana da inda yake ɓaci.
Tauraro in ya haddace ya ƙagu,
Sai ya riga tambaya buɗe baki da gaggauci.
Ido ya sauka ƙasa neman kati,
Kyamara ta kama, asiri ya fito a lokaci.
In an ce a maimaita don sauti ya lalace,
Dariya ta biyu ba ta da armashi, sai sanyi da ɗaci.
Ɗan shirun nan kafin a saki kalma,
Da ɗaga gira, wannan ba ya hannun marubuci.

Ku duba shirin gasa na Press Your Luck a 1984,
Can na'ura aka rubuta wa umurci.
Haske na yawo kan allo mai gida 18,
Salo biyar kacal yake maimaici.
Michael Larson ya naɗa a bidiyo ya nazarta,
Ya gano gida biyu da babu faɗuwa, sai ci.
Ya tashi da dala 110,237,
Tashar CBS ta bincika, ba ta ga ha'inci.
Ta biya shi kuɗinsa cif,
Ta ƙara wa allon salo don toshe wannan sakaci.